Rijiyar Inno

Shagona na ɗinki yana kallon gidan Malam Maitama mai haƙar rijiya, hanya ce kawai ta raba mu, a garinmu da ke tsakanin Bakori da Danja. Tun ina koyon zura zare a allura nake ganinsa, don haka in na ba da labarinsa ba ji na yi a bakin wani ba. Sunana Awaisu. Mutanen garinmu sun ce bakina ba ya shiru, kuma ban musa ba. Amma wannan labarin, ko ni yana yi mini nauyi a baki.

Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta har in kun gaisa sai ka ji kamar ka kama dutsen niƙa. Haƙar rijiya gado ya yi wurin mahaifinsa. Daga Dayi har ƙauyukan bayan Danja, da wuya ka shiga gari ka rasa rijiyar da ya haƙa ko ya yashe. Zai yi bisimilla, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka da daginsa da 'yar gajeriyar diga, waɗanda ke sama su yi ta jawo ƙasa. Idan ruwa ya ɓullo, shi ne na farkon sha. Sai ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya lumshe ido, sannan ya yi wa rijiyar hukunci: wannan ta sha ce, wannan zartsi gare ta, a bar wa dabbobi. Babu mai ja da shi.

Ni kuwa ba na barinsa ya wuce lafiya. In na hango shi da yamma jikinsa ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasa, sai in ce, “Malam, yau ma an tono ka? Kai kaɗai na sani da ake binnewa da safe a tono da la'asar.”

Shi kuma ya ce, “Gara ni, Awaisu. Ni ƙasar Allah nike yanka, kai kau yadin mutane kake yanka kana ɓoye ƙyalle.”

Haka muka yi shekaru.

Akwai wata dabara tasa da ya kamata in bayyana, domin ita ce gindin komai. Shekarun baya ruwa ya fara nisa a ƙasarmu. Injinan ban-ruwan tumatir sun yi yawa a fadama, rani kuma ya ƙara tsawo, sai tsofaffin rijiyoyin cikin gida suka riƙa ƙafewa. In aka kira Malam Maitama, zai haƙa sabuwa mai zurfi a wani gefen gidan. Tsohuwar kuwa sai ya ce wa maigida kada ya kuskura ya cike ta. “Ramin da aka sha wuya aka haƙa ba a mai da shi banza,” in ji shi. “A zuba mata daɓen siminti, a bar ƙaramin baki, a kewaye da zana. Ka samu masai da jikokinka ma ba za su cika shi ba.” Kowa ya ga hikima a ciki, har da ni mai ganin aibin kowa. Rami ne busasshe, ga zurfi, ga shi ba sai an sake haƙa ba. Banda bahaya, duk wani tarkacen da ake tsoron yara su taɓa, mataccen batir ne, kwalbar maganin feshi ce, can ake jefa shi.

Da rijiyar gidansa, wadda mahaifinsa ya haƙa, ta ƙafe, abin da yake gaya wa mutane shi ya yi da ita.

Matarsa guda ce tun auren saurayi da budurwa. Sunanta Ummukulsum, amma duk unguwa Inno ake ce mata. Ƙuli-ƙuli take yi, kuma mace ce mai ƙarancin magana. Abin da na sani game da ita shi ne, ranar da duk mijinta ya sauka rami ba ta sa komai a bakinta sai ya dawo gida. Shekara da shekaru tana wannan azumin da babu wanda ya ɗora mata. Shi da yake shiga bakin mutuwa kullum bai mutu ba. Ita da ke zaune a gida, ciwon ciki na 'yan kwanaki ya ɗauke ta.

Bayan rasuwarta ya yi sanyi ƙwarai. Na yi ta tsokanarsa ba ya ramawa, har na daina. Wata safiya kawai na gan shi a ƙofar gidansa, ƙarƙashin ceɗiya, yana zana da'ira a ƙasa da tsinin dagi. Na ce lafiya? Ya ce Inno ta sha faɗa masa tana tausayin matan unguwar nan da ke sauka fadama ɗibar ruwa, shi kuwa yana ta haƙa wa mutanen nesa. “Ban yi mata tana da rai ba,” ya ce. “Bari in yi mata yanzu. Duk wanda ya sha, ladan ya iske ta.”

A lokacin ya riga ya manyanta, gemu ya yi fari. Ɗansa Kabiru, direban babbar mota ne da ke lodin masara a Funtuwa, ya roƙe shi ya bari a ɗauko matasa su haƙa. Ya ƙi. Ya yarda su ja masa ƙasa, amma sara shi kaɗai ya yi. Ya wuce jar ƙasa, ya fasa marmara, ya shiga ruɓaɓɓen dutse, ya wuce zurfin da ya saba tsayawa. Ranar da ruwa ya ɓullo na ji kabbararsa daga ƙarƙashin ƙasa ina kan keken ɗinki. Aka jawo shi da moɗa a hannu, idanunsa jawur, ya ce bai taɓa ɗanɗana ruwa mai daɗin wannan ba. Gaskiya ya faɗa. Ruwa ne garai-garai, mai sanyi ko da tsakar rana. Tun daga ranar sunanta Rijiyar Inno, kuma rabin gari a nan yake sha.

Tsakaninta da tsohuwar rijiyar da ta zama masai akwai katangar gidan da ɗan fili, abin da yaro zai jefa dutse ya wuce. Babu wanda ya kawo komai a ransa. Shi kansa ya taɓa cewa busasshiyar rijiya matacciya ce, ba ta da hanyar zuwa ko'ina.

Sai Sa'adiya, matar Kabiru, ta haifi 'ya mace. Aka mayar da sunan marigayiya, saboda haka ake kiranta Ummi. Wannan yarinya ita ta dawo wa tsohon da dariyarsa. Amarya yake ce mata, yadda kaka ke wasa da jika, ita kuma da ta fara magana ta ce ba ta son miji mai farin gemu. Kullum da hantsi zai fito ya ja gugan farko, tana riƙe da gefen rigarsa da wani ɗan jan kofi na roba. Ya cika mata, ta shanye, ta ce a ƙara. In Kabiru ya zo musu da ruwan leda daga Funtuwa, tsohon har fushi yake yi. “Ruwan kakarta na ƙofar gida, za ku ba ta ruwan da ba ku san ubanshi ba?”

Daminar da Ummi ta shekara huɗu, gudawa da amai suka kama ta. Kafin a ankara idanunta sun faɗa. Kabiru yana kan hanya, sai tsohon ya tari mota, shi da Sa'adiya suka nufi asibiti a Funtuwa. Washegari suka dawo da ita a naɗe cikin zanen uwarta. Masu haƙar kabari suka ɗauko kayan aiki, tsohon ya karɓi digar daga hannunsu. Shi ya haƙa. Ban taɓa ganin rami mai kyan gefe kamar wannan ɗan ƙaramin ba, kuma ban so in gan shi ba.

Ba ita kaɗai ba ce, wannan shi ne abin da ke ci mini rai har yau. Kowace damina sai yaran unguwarmu sun yi ta zawo, wasu su tashi, wasu su tafi. Mu kuwa ba mu rasa abin faɗa ba: ciwon damina ne, haƙori ne, ɗanyar masara ce. Muna cewa ruwa ba ya tsami banza, amma a kan rigimar mutane kawai muke faɗarsa. Ba mu taɓa leƙa ruwan kansa ba.

A ranin da ya biyo baya wata ɗaliba ta zo garinmu, sunanta Bushra, 'yar Malumfashi ce. Tana karatun ilimin ƙasa da duwatsu a jami'a, bincikenta kuma a kan ruwan rijiyoyin yankinmu ne. Ta zo da kwalabe cikin akwatin ƙanƙara, da wata na'ura mai dogayen wayoyi da ake kafa wa turakun ƙarfe a ƙasa. Ni na fara yaɗa cewa zinariya suke nema, don in sa mutane dariya. Da mai unguwa ya kawo ta wurin Malam Maitama ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta ce an gaya mata babu wanda ya san cikin ƙasar nan kamarsa. Tsohon ya ɗan saki fuska, karo na farko tun rasuwar Ummi. Suka zauna gindin ceɗiya, yana faɗa mata inda marmara ta ƙare da inda dutse ya fara, ita kuma tana nuna masa zanen da na'urarta ta fitar. Maganarsu ta zo ɗaya. Ya cika mata kwalba da hannunsa, ya ce ta kai wa malamanta su sha su ji.

Ta ɗebi ruwan da rani, ta sake dawowa ta ɗiba da damina ta kankama. Zuwanta na uku ba ta zo da kwalba ba. Ta nemi ganinsa a zaure. Ni kuma da ba a gayyace ni ba na ajiye almakashi na bi su.

Bayan gaisuwa ta ce, “Baba, ruwan nan akwai matsala. Da rani da ɗan dama. Amma da damina na samu ƙwayoyin cutar da ba sa fitowa ko'ina sai cikin hanjin mutum, ga kuma wani sinadari da bahaya ke saki, ya wuce abin da jikin yaro zai ɗauka. Akwai masai mai zurfi kusa da nan?”

Ya ce akwai, amma busasshen rami ne, kuma ga marmara tsakani.

Ta ce, “Da rani busasshe ne, Baba. In damina ta yi nisa ruwan ƙasa yana tasowa ya iske gindinsa. Dutsen nan da kuka fasa yana da tsaga-tsaga, ruwa na bi ta ciki. Masai na yau da kullum ba ya kai wa can, ƙasa na tace shi tun a sama. Wannan kuwa rijiya ce, an haƙa ta ne musamman don ta kai ga jijiyar ruwa.”

Fuskarsa ta ɗaure. “Ɗiyata, kina da ladabi, shi ya sa nike sauraren ki. Bakin nan nawa ya ɗanɗani ruwan rijiyoyin da ba ki san adadinsu ba. Da da ƙazanta a ciki da na ji.”

“Ba ta da ɗanɗano, Baba. Ba ta da wari, ba ta da kala. Ni ma da baki ba zan gane ba.”

Sai ta ce akwai hanyar da za a gani da ido. Tana da wani gari mai rina ruwa kore, ba ya cutar da mutum ko dabba. In aka zuba shi a tsohon ramin aka bi shi da ruwa, to in akwai hanya tsakanin ramukan biyu zai fito a rijiyar, in babu ba zai fito ba. Ya miƙe tsaye ya ce ta kawo, shi da kansa zai zuba, don a wanke rijiyar matarsa a gaban kowa. Aka sanar da mai unguwa, aka gaya wa mata kada su tsorata. Ya zuba, aka bi da durom-durom na ruwa.

Kwana ɗaya, kwana biyu, shiru. Ruwa garai-garai kamar kullum. Na fara shirya baƙar maganar da zan gaya wa 'yar jami'a in ta dawo. Sai aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Da hantsi ina buɗe shago na ga tsohon ya fito jan gugan farko, don bai daina ba ko bayan Ummi. Ya jawo, ya ɗora a bakin rijiyar, ya tsaya. Na ƙetara hanya na leƙa. Ruwan ya yi kore-kore, rana na haska shi.

Bai yi salati da ƙarfi ba, bai faɗi ba. Gugan kawai yake kallo. Sa'adiya tana tsaye a bakin zaure da tulu, ta zo ɗiba. Ta dubi gugan, ta dubi surukinta, ta juya ta koma ciki da tulunta babu komai. A iya sanina ba ta taɓa tayar masa da maganar ba.

Da Bushra ta iso, tambaya guda ya yi mata. “Rijiyar nan ita ta kashe mini amarya?”

Yarinyar nan hawaye ya zubo mata. Ta ce, “Wallahi Baba ba zan iya rantsuwa ba. Ban ga jikinta ba, kuma cutar nan tana da hanyoyi da yawa. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce ba zai yiwu ba.”

Ya gyaɗa kai ya ce ta kyauta da ba ta yi masa ƙarya ba.

Bayan sallar azahar ya tsare liman a ƙofar masallaci, ina kusa ina neman takalmina. Ya ce, “Malam, kun ce duk wanda ya sha, ladan na iske Inno a kabarinta. To waɗanda suka sha suka cutu fa? Shi ma can yake zuwa?” Liman ya kama hannunsa ya ce Allah ba ya kama bawa a kan abin da bai sani ba, aiki da niyya ake duba shi, kuma Inno ba ta da komai a ciki sai alheri. Tsohon ya ce, “To in dai akwai abin rubutawa, a rubuta mini. Ita ba ta taɓa riƙe dagi ba.” Na bar takalmin na koma cikin masallaci, don kada a ga babba da ni ina kuka.

Bushra ta ce ba dole a rasa rijiyar gaba ɗaya ba. A rufe masan, a bar ruwan don wanki da gini, na sha kuwa a riƙa ɗaukowa daga burtsatsen makarantar firamare da ke kan tudu, wanda ta gwada ta same shi lafiya. Mutane da yawa suka goyi bayan haka, don tudun da nisa. Wasu ma cewa suka yi sharrin 'yan boko ne, kakanninmu me suka sha? Waɗannan na gaya musu abin da ba zan maimaita a nan ba. Malam Maitama ya saurari kowa, sannan ya ce, “Yaro bai san rijiyar wanki ba. In ya ji ƙishi ya ga guga, sha zai yi.”

Ranar da za a cike ta babu wanda aka aika wa, amma maza suka taru. Kabiru ya kawo ƙasa da motarsa. Kafin a fara, tsohon ya saki guga ya jawo na ƙarshe. Koren ya riga ya wuce, ruwan ya koma garai-garai. Ya ɗebo da tafin hannu ya kai kusa da baki yadda ya saba, sai ya tsaya. “Kun gani ko?” ya ce. “Har yau ba ta da laifi a ido.” Ya mayar da ruwan ciki, ya ɗauki shebur. Mutumin da ya ce ba a mai da rami banza, shi ya zuba ƙasar farko. Muka yi layi muna karɓar shebur ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya wuce ta hanyar ya ga tsayuwarmu sai ya rage tafiya ya cire hannu daga aljihu.

Abin da ya rage masa na ƙarfi a kan keke ya ƙarar da shi. Ya riƙa bin garuruwan da ya yi aiki, gida-gida, duk inda ya tuna ya ba da waccan shawarar. Zai yi sallama ya ce, “Ni ne Maitama. Abin da na gaya maku shekarun baya kuskure ne.” Wasu suka ji suka rufe ramukan, wasu suka ce tsufa ya taɓa shi. Bai yi gardama da kowa ba, sai ya hau kekensa ya yi gaba.

Abu guda ne ya hana shi sukuni. Wata rana ya zauna a bencin shagona yana kallon inda rijiyar take, ya ce, “Awaisu, na yanke mata ruwa. Yanzu mi ke zuwa mata?”

Shi ya samo amsar da kansa. Ya sayo babbar randa ya kafa ta a gindin ceɗiya, daidai kan bakin rijiyar da aka cike, ya yi mata murfi. Kullum da safe zai ɗaura jarkoki a keke ya tura shi har tudun makaranta, ya dawo yana haki, ya wanke randar ya cika ta. Ya rataya moɗa a jikin itacen don masu wucewa. Matasa suka ce ya bari su ɗauko masa, ya ƙi, kamar yadda ya ƙi a taya shi sara. Na ce masa, “Malam, rijiya ta koma randa, an rage wa Inno albashi.” Ya yi ɗan murmushi, ya ce kaɗan mai tsabta ya fi. Wannan ce tsokana ta ƙarshe da na yi masa.

Ya rasu farkon kakar bara, ana cikin karyar masara. Zazzaɓi ne na kwana kaɗan. Da muka dawo daga maƙabarta na dubi randar na ce a raina, shi ke nan, ita ma ta mutu.

Washegari da hantsi ina kan keken ɗinki na ga Sa'adiya ta gangaro daga tudun makaranta da jarka a ka. Ta sauke, ta wanke randar kamar yadda yake yi, ta cika ta, ta rufe. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan jan kofin nan na roba. Ta ɗaura masa zare, ta rataye shi ƙasa da moɗar, daidai inda hannun yaro zai kai.